Malam Ilu da Ƙwaryar da Ta Matsa Dama

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da makarantar sakandare guda ɗaya ce tal a duk ƙasar hakimin. Sunansa Iliyasu, amma kowa Malam Ilu yake ce masa. Ku gyara zama, jama'a, ku saurara. Labarin nan ba yaƙi a cikinsa, ba dukiya. Alli ne kawai da allo, sai zuciyar mutum ɗaya.

Malam Ilu malamin lissafi ne, amma ba don ya yi zurfi a karatun lissafi ba. Yana saurayi ya ci jarrabawar shiga babbar kwalejin malamai ta birni, har takardar kira ta iso. Saura kwana tara ya tafi, Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, ya bar masa uwa da ƙanne biyar. Sai ya zauna. Ya kama koyarwa da 'yar shaidar da ke hannunsa. Da aka yi wa malamin lissafin makarantar canjin wurin aiki, aka duba aka rasa, sai aka miƙa wa Malam Ilu alli aka ce, "Riƙe mana kafin a turo wani." Shekara goma sha huɗu yana riƙo, ba a turo kowa ba.

Littafi ɗaya gare shi, tsoho, gara ta cinye wasu shafukan. Abin da zai koyar gobe, shi yake koya wa kansa yau. Yana yi tsakaninsa da Allah, amma ya san inda iliminsa ya tsaya, kuma abin yana ci masa rai.

Kun san akwai kewar da mutum yake yi ta wurin da ya taɓa zama. To, Malam Ilu kewar wurin da bai taɓa taka ƙafarsa ba yake yi. Duk ƙarshen damina, idan ɗalibai za su tafi manyan makarantu, sai ka ga hanyarsa ta gida ta bi ta tasha, alhali gidansa ba a wannan shiyyar yake ba. Ya tsaya a gindin ɗorawa yana kallon ana ɗora akwatunan ƙarfe a saman mota. Ya yi wa kowa addu'a. Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Idan kuma suka dawo hutu, yaran da shi ya koyar, sai ya zaunar da su yana tambaya kamar shi ne ƙaramin.

"Da gaske ne akwai ɗakin da ba komai a ciki sai littattafan lissafi?"

"Da gaske ne, Malam."

"Kuma ana barin mutum ya zauna ya karanta har ya gaji?"

"Har ya gaji, Malam."

Sai ya gyaɗa kai.

Duk shekara yana rubuta takardar neman a tura shi ƙaro ilimi, duk shekara shiru. A shekara ta goma sha huɗu, hedimastan makarantar, wani dattijo mai suna Malam Mudi, ya kira shi ofis da fara'a.

Ya ce, "Malam Ilu, albishirinka! An ba mu gurbi ɗaya, na kuma ba da sunanka. Ranar Alhamis ta sama wani jami'i zai zo daga birni ya ga yadda kake koyarwa. In ya sa hannu, shi ke nan, sai haɗa kaya."

Malam Ilu ya yi godiya. Ya fito, ya nufi gida, ya tarar da matarsa Uwani tana tankaɗe. Da ya faɗa mata, ta ajiye rariya ta yi guɗa, gari duk a hannunta. Kafin kwana biyu ta sa an ɗinka masa riguna biyu.

To, ku saurara da kyau, don nan ne zancen yake. Sai na koma baya kaɗan.

Mako uku kafin wannan albishir, Malam Ilu ya koyar da 'yan ajin ƙarshe wani darasi na aljabara. Ni ba masanin lissafi ba ne, amma wanda ya ba ni labarin ya zana mini shi a ƙasa har na gane, ku ma za ku gane. Ana ja layi a kwance, a sa sifiri a tsakiya. Lambobin da suka fi sifiri suna dama, waɗanda suka gaza sifiri suna hagu. Sai a ɗauki kowace lamba, wadda suke kira ekis, a ninka ta da kanta, a ɗiga amsar a sama da ita. Ɗaya sau ɗaya, ɗaya. Biyu sau biyu, huɗu. Uku sau uku, tara. Haka ma ta hagu. Idan aka haɗa ɗigon nan duka, sai zane ya fito kamar ƙwarya, gindinta yana zaune daidai kan sifiri.

Tambayar ita ce: idan aka ce kafin ka ninka lambar da kanta, ka fara ɗebe mata biyu, ina ƙwaryar za ta matsa?

Shafin da ya yi bayanin wannan yana cikin waɗanda gara ta ci. Malam Ilu ya duba da hankalinsa ya ce ai abin a fili yake. Ɗebewa baya ce, baya kuwa hagu ce. Ya tsaya gaban yara talatin da shida ya ce, "In kun ga an ɗebe, ku matsar da ƙwarya hagu. In kun ga an ƙara, ku matsar da ita dama." Yara suka rubuta, suka haddace.

Bayan mako guda ya yi musu gwaji. Gwajin nan ba na wasa ba ne, don da shi za a zaɓi mutum biyu da makarantar za ta tura jarrabawar shiga kwalejin kimiyya. A ajin akwai wata yarinya, Saudatu, 'yar wani mai gyaran keke. Ba ta da surutu, ba ta kuma yarda da haddar abin da ba ta gwada ba. Ita ba ta bi ƙa'idar da aka ba su ba. Ta zauna ta lissafa lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗiga, sai ƙwaryarta ta faɗa dama. Malam Ilu ya ja mata jan biro. Da wannan tambaya ɗaya ta faɗo ta uku, wani yaro Tanimu ya hau na biyu.

Da aka raba takardu ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, ni da na lissafa, dama ta ba ni."

"Me na koya muku?"

"Kun ce hagu, Malam. Amma..."

"To ki koma ki karanta abin da kika rubuta. Ba a yi wa lissafi gardama."

Aji ya yi dariya. Saudatu ta sunkuyar da kai, ta ninke takardarta. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba.

To, mu dawo. Ranar Litinin, saura kwana uku jami'i ya zo, Malam Ilu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, zai shirya darasin da zai yi a gaban baƙo. Wane darasi ya zaɓa? Wannan dai na ƙwarya, don yana ganin ya riƙe shi da kyau. Yana so zanen ya fito tsaf, don haka ya ce bari ya lissafa kowane ɗigo da hannunsa, abin da bai yi ba a karon farko.

Ya fara da inda ya ce gindin ƙwarya yake, taku biyu hagu da sifiri. Ya ɗebe biyu, ya zama taku huɗu a hagu. Ya ninka, ya samu goma sha shida. Gindin ƙwarya kuwa sifiri ya kamata ya bayar. Ya ce ko hannunsa ne ya zame. Ya sake, goma sha shida. Ya gwada sifiri, ya samu huɗu. Sai ya gwada biyu ta dama. Biyu a ɗebe biyu, sifiri. Sifiri sau sifiri, sifiri.

Ga gindin ƙwarya nan a dama, inda yarinyar ta ajiye shi.

Ya gwada da uku, ya gwada da biyar, ya gwada ƙari maimakon ɗebewa, sai ƙwarya ta koma hagu. Komai ya fito akasin abin da ya koyar. Ya zauna riƙe da fensir, kaji suna ta kiwo a gabansa, bai ko gan su ba.

Uwani ta fito daga madafa ta dube shi.

"Malam, lafiya? Ka yi wani iri."

"Uwani, na zalunci 'yar mutane."

Ya kwashe duka ya gaya mata. Ta zauna a bakin tabarma. Ita fa ta ga shekarun nan goma sha huɗu da idonta. Can ta ce, "Yanzu wa ya sani?"

"Ni, sai ke."

"Ita yarinyar fa?"

"Ita ma yanzu ta yarda ita ce ta yi kuskure. Ni na sa ta yarda."

Uwani ta goge ido da bakin zanenta. Ta ce, "Wallahi ina so ka tafi, Malam. Na fi kowa so. Amma na san ka. In ka tafi da wannan a ranka, ko harafi ɗaya ba zai zauna maka ba."

Washegari ya shiga ofishin Malam Mudi, ya shimfiɗa takardar lissafin a kan tebur, ya yi bayani. Dattijon ya cire tabarau ya murza ido.

Ya ce, "Malam Ilu, zauna. Kuskure ai kowa yana yi. Ga shawara. Ranar Alhamis ka zaɓi wani darasin daban. Baƙo ya sa hannu ya tafi. Bayan mako biyu sai ka gyara wa yara a hankali, ka ce an samu sabon bayani. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani."

"Ranka ya daɗe, sunayen yara biyun nan yaushe za a miƙa?"

Malam Mudi ya kau da kai. "Ranar Alhamis ɗin. Shi baƙon zai tafi da su."

"Ke nan in na jira mako biyu, an rufe da Saudatu a waje."

"To mu sauya sunan a ɓoye mana."

"Na riga na karanta sakamako a gaban aji, ranka ya daɗe. In aka cire Tanimu ba dalili, za a ce son kai aka yi. Uban yaron zai tambaya, yana kuma da gaskiyar tambaya. Kuma a gaban mutum talatin da shida na kunyata yarinyar nan. A gabansu ya kamata in wanke ta."

"Ka san abin da kake shirin yi kuwa? Mutumin nan in ya ji ka koyar da ajin ƙarshe abu a juye, ba zai sa hannu ba. Akwai malamai a wasu makarantu suna jiran gurbin nan. Shekarunka kuma sun kusa wuce ƙa'ida. Na yi maka wannan faɗan ne don na san ba za a sake ba."

Malam Ilu ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

Jama'a, kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Ranar Laraba bai iya cin tuwo ba. Zuciya tana ce masa: in ka je ka ƙaro ilimi, ai yara dubu za ka amfana, me ye yarinya ɗaya? Zancen kuma yana da kamar gaskiya. Irin wannan zancen shi ya fi wuyar turewa, wanda ya zo da rigar alheri. Ya je masallaci azahar, aka idar, kowa ya watse, shi yana zaune. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda yarinyar ta ninke takardarta ta yi shiru.

A ranar ya sake duba takardun gwajin duka, ya gyara makin kowa. Saudatu ta koma ta ɗaya, Tanimu ya faɗo na uku. Da yamma ya taka har gidan su Tanimu ya yi sallama da mahaifinsa, ya faɗa masa da bakinsa. Mutumin ya fusata.

Ya ce, "Kai ka koya masa, ya rubuta abin da ka koya masa, yanzu kuma kai za ka kayar da shi?"

Malam Ilu ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Yaronka ba shi da laifi ko kaɗan. Laifin nawa ne. In ka yarda, zan riƙa zuwa ina yi masa bita har shekara ta zagayo, ya sake nema."

Alhajin ya juya ya shige gida.

Alhamis ta zo. Jami'i ya zauna a bayan aji da takardunsa, Malam Mudi a gefensa. Malam Ilu ya ja layi a allo, ya sa sifiri, ya juyo.

Ya ce, "Kafin mu fara, akwai haƙƙin da zan sauke. Kusan wata guda ke nan na koya muku cewa in an ɗebe, ƙwarya hagu take matsawa. Ba haka ba ne. Ni na yi kuskure. Mutum ɗaya a ajin nan ta gane gaskiya, na ƙaryata ta, kuka yi mata dariya saboda ni. Saudatu, taso."

Yarinyar ta miƙe. Ya miƙa mata alli da hannu biyu.

"Ki yafe mini, 'yata. Zo ki nuna mana yadda kika yi."

Ta zo gaban allo, murya can ƙasa, ta ce ita dai tambayar kanta ta yi, wace lamba ce in an ɗebe mata biyu za ta koma sifiri? Biyu ce. Biyu kuwa a dama take. Ta ɗiga, ta ɗiga, ƙwarya ta fito.

Malam Ilu ya ce, "Kun gani? Ku riƙe shi haka. Motar kasuwa kullum da ƙarfe bakwai take isa gada. Yau ta yi lattin awa biyu. In kana son sanin inda take da ƙarfe tara, sai ka ɗebe biyu, ka duba inda ta saba kasancewa da bakwai. Ɗebewar a lissafinka take, amma tafiyar gaba ɗaya gaba ta matsa a agogo. Kuma daga yau, ko ni na faɗa muku abu, ku gwada da lamba."

Aka tashi. Jami'in ya karɓi sunayen yara biyu, da na Saudatu a sama. Ya kama hannun Malam Ilu ya ce, "Malam, ban taɓa ganin irin wannan ba. Amma abin da na gani shi zan rubuta, har da kuskuren. Ba ni kaɗai nake yanke hukunci ba."

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce sai ga takarda ta zo an ce ya taho. To, ba ta zo ba. Bayan wata biyu aka ji an ba wani malami na wani gari gurbin. Malam Ilu ya sake nema sau biyu, a na ukun aka ce shekarunsa sun wuce. Saudatu ta ci jarrabawa ta tafi, karatu ya yi nisa da ita, sai dai gaisuwa da take aikowa ta bakin mahaifinta. Tanimu ya samu shiga da shekara ta zagayo, amma mahaifinsa ya daɗe ba ya amsa sallamar Malam Ilu da sakin fuska.

Kewar nan kuma ba ta bar shi ba. Uwani ta ce wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya tsaya, ya ce, "Da yanzu ina shekara ta biyu." Sai ya yi istigfari ya ci gaba da ci. Ta taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce, "Ina jin zafinsa har gobe. Amma nadama, a'a."

Sai da furfura ta cika masa gemu, saura shekara biyu ya ajiye aiki, sannan aka turo wa makarantar malamin lissafi mai digiri, matashi sa'an ɗansa. Mutane suka zaci Malam Ilu zai ji haushi an karɓe masa aji. Ranar farko sai ga shi a ƙofar ajin da sabon littafin rubutu a hannu.

Ya ce, "Malam, in ba zan takura maka ba, ina neman izini in riƙa zama a baya."

Matashin ya ruɗe. "Haba Baba, ni zan koyar da ku?"

"Kai ka je inda ban je ba. Ka ba ni abin da ka samo."

Haka ya yi shekara biyu a bencin baya, gwiwoyinsa suna dukan tebur, yana rubutu, yana ɗaga hannu in bai gane ba. A garin ya rasu, bai taɓa ganin ƙofar kwalejin nan ba. Allah ya jiƙansa.

To jama'a, ga abin da nake so mu tafi da shi gida. Faɗin gaskiya a kan wani ba wuya. Mai wuya shi ne ka faɗe ta a kanka, a gaban na ƙasa da kai, a ranar da za ta raba ka da abin da ka fi so a duniya. Kuma ba kullum ake biyan mai gaskiya a nan inda muke gani ba. Wanda ya yi don a biya shi gobe da safe, ciniki ya yi. Sakamako na wurin Allah, Shi kuwa ba ya mantuwa.

Kowannenmu nan akwai wanda yake ƙarƙashinsa. Kai mai gida, sau nawa matarka ta faɗi daidai ka murƙushe ta don kada a ce ta fi ka? Ke uwa, sau nawa kika daki yaro, daga baya kika gane ba shi ya yi ba, kika yi shiru? Kai mai shago da yaranka, kai malami da ɗalibanka, ni kaina da nake zaune a nan ina yi muku magana. Akwai wanda ya sunkuyar da kai saboda mu, alhali shi ne da gaskiya, har yau kuma yana zaton shi ne ya yi kuskure. Kun san shi. Sunansa ya zo muku a rai tun ina tsakiyar labarin nan. Kada ku ce sai an kwana biyu, sai abu ya lafa. Ku je ku same shi yau, ku ce masa, "Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure, ka yafe mini."

Allah ya ba mu ikon faɗa, ya sa mu cika da imani.